Wata guda ina kwana da fatalwar Ingila

Ina ɗan shekara tara ko goma a Kaduna, gida ɗaya ne ke da talabijin a layinmu. Bayan sallar isha'i mu yara mukan cika tsakar ɗakin, mai gidan yana kan kujera, mu muna ƙasa. Wani dare aka nuna wani fim na Turawa. Yara sun taru ana bikin ranar haihuwar wata yarinya, ga kek a kan tebur, sai wani bututu ya ɓalle daga sama, jini ya yi ta kwarara a kansu suna ihu. Akwatin baƙi da fari ne, don haka baƙin jini na gani. Ban tsaya ganin ƙarshe ba, ko takalmina ban ɗauka ba. Shekara kusan arba'in ban san sunan fim ɗin ba, ban kuma san me ya faru da yarinyar ba.

Hunturun da ya wuce na faɗi a kan babur, ƙafa ta karye, likita ya ce in zauna gida. Zaman banza ya sa na shiga intanet ina neman wannan bututu, ban kuwa sha wahala ba. Sunan shirin Hammer House of Horror, kamfanin Hammer ya yi shi a 1980 aka nuna a tashar ITV, kashi 13 ne, kowane kashi labarinsa daban da 'yan wasansa daban. Wanda ya kore ni ba takalmi shi ne The House That Bled to Death. Daga nan na gano cewa Turawan Ingila sun yi irin waɗannan shirye-shirye da yawa tsakanin shekarun 1960 da 1980, sai na ce bari in bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a cire mini filasta. Ɗan ƙanwata da ke hutun jami'a a gidana shi ya haɗa mini waya da talabijin, shi ya zama abokin kallo, ba don yana so ba.

Da bututun na fara. A gaskiya jinin bai ba ni tsoro ba wannan karon, ja ne wur kamar fenti. Yaron ma dariya ya yi, ya ce, "Kawu, wannan ne ya hana ku barci?" Abin da ya daki zuciyata shi ne ƙarshen da ban gani ba ina yaro. Ashe babu wata fatalwa a gidan. Manya ne suka shirya komai don a rubuta littafi a kan gidan da ake cewa yana da mugun abu, su samu kuɗi, suka kuma samu, suka koma Kalifoniya suna facaka. Ba wanda ya tuna da abin da aka yi wa ƙwaƙwalwar yarinyar, har ranar da ta gane ta ɗauko wuƙa. Na yi shiru na ɗan lokaci. Shekara arba'in ina tsoron bututu, alhali iyayen ne abin tsoro.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka zan iya kallonsu kamar yadda ake kallon fina-finan yanzu, a jera huɗu biyar a zama ɗaya. Na gwada a kwana na biyu da na uku, komai ya cakuɗe, ban ji komai ba sai ciwon ido. Waɗannan abubuwa an yi su ne don a ga ɗaya a mako, wasu ma ɗaya a shekara. Sai na koma ɗaya a dare, bayan gida ya yi tsit, a kashe fitila, a ajiye waya a wani ɗaki. Wannan doka ta ƙarshe ita yaron ya fi ƙi.

Wanda ake yi ɗaya a shekara shi ne A Ghost Story for Christmas na BBC, daga 1971 zuwa 1978, kuma a nan na fi daɗewa. Lawrence Gordon Clark ne ya ba da umarnin kusan dukkansu. Biyar na farko daga labaran M. R. James aka ɗauko su, wani malamin jami'ar Cambridge masanin tsofaffin rubuce-rubucen hannu, wanda ya rasu a 1936. An san shi da tara abokai da ɗalibai a daren Kirsimeti ya karanta musu labarin da ya rubuta a hasken kyandir. Da na ji haka sai na gane me ya sa shirin ya yi mini kama da abin da na sani. Mutum ɗaya ne ke ba da labari da dare, lokacin sanyi, ga mutanen da suka matso kusa da juna. Kakata ba ta taɓa yi mana tatsuniya da rana ba.

Na 1972, A Warning to the Curious, shi ne ya fara kashe wa yaron baki. Peter Vaughan ya fito a matsayin wani magatakarda da ya rasa aikinsa, ya tafi gaɓar teku a gabashin Ingila da shebur ɗinsa yana neman wani kambun sarauta da aka ce magabata sun binne don ya tsare ƙasar daga mahara. Ya kuwa tono shi. Daga nan sai ya lura akwai wani a bayansa. A Norfolk aka ɗauki fim ɗin, rairayi shimfiɗe har iyakar gani, ga sanyi, ga iska, can nesa kuma wani mutum baƙi ƙirin yana tsaye, ƙarami kamar ɗigon tawada. Ba a matso da fuskarsa kusa ka ƙare masa kallo. Ka ɗauke ido ka mayar, ka ga kamar ya ɗan matso. Yaron ya ce, "Kawu, tsaya, mayar baya kaɗan, da a can yake?" Na ƙi mayarwa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne mutumin ba ɓarawo ba ne a ransa, talaka ne da ke son ya yi abu ɗaya da za a san shi da shi. Ya mayar da kambun inda ya samo shi, amma hakan bai cece shi ba.

Kafin wannan jerin akwai Whistle and I'll Come to You na 1968, baƙi da fari, Jonathan Miller ya yi shi, shi ma daga labarin James. Michael Hordern ne ya fito a matsayin tsohon farfesa mai yawan gunaguni shi kaɗai, wanda ya tsinci usur a wata tsohuwar maƙabarta ya busa. Kusan rabin fim ɗin kallonsa kake yana cin abinci yana musu a kan cewa babu fatalwa. Fatalwar da za ta zo kuwa zanin gado ne kawai, na gadon da ba kowa a kai a ɗakinsa, ya fara tashi a hankali. Idan na faɗa maka haka da rana dariya za ka yi. Amma ganin wannan babban malami ya sa yatsa a baki kamar jariri, duk iliminsa ya zube, ya sa na waiwaya na dubi labulen falona.

A nan ya kamata in ce wani abu. Mu a tarbiyyarmu wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa yawo a gidansa, abin da ake jin motsinsa da dare wani abu ne daban muke kiransa. Don haka ban kalli waɗannan labarai a matsayin abin gaskatawa ba. Sai dai na gane mutumin da ke cikinsu sarai. Kusan kullum mai boko ne da ya raina maganar mutanen ƙauye, an ce masa kada ya taɓa, ya taɓa. Irinsa ba ya wuyar samu a ko'ina, ni kaina na taɓa zama shi.

Wanda na fi so duka shi ne The Signalman na 1976, daga labarin Charles Dickens, wanda ya rubuta shi shekara guda bayan ya tsira daga hatsarin jirgin ƙasa a Staplehurst a 1865. Denholm Elliott ne ya fito a matsayin ma'aikacin da ke ba jirage hannu a wani ɗan ɗaki a bakin ramin da jirgi ke ratsawa ƙarƙashin tsauni. Ƙararrawarsa takan yi wata irin rawa da shi kaɗai ke ji, sai ya ga wani a bakin ramin kusa da jar fitila yana ɗaga hannu, kuma duk lokacin da ya gan shi sai masifa ta biyo. Damuwarsa ba tsoron mutuwa ba ce. Cewa yake an yi masa gargaɗi amma ba a faɗa masa a kan me ba, kuma idan ya buga waya ya ce akwai haɗari ba tare da dalili ba za a ce ya haukace. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin aiki mai nauyin rayukan mutane zai gane wannan. Fim ɗin bai kai minti arba'in ba, mutum biyu ne ke magana a gaban murhu mafi yawan lokaci.

Ba duka ne suka yi mini ba. A cikin na Hammer akwai Charlie Boy, labarin wani gunki daga Afirka da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, irin tsohon tunanin nan na cewa duk abin da ya fito daga nahiyarmu tsafi ne. Na kalle shi har ƙarshe ina tsaki. Wasu kuma na Hammer akwai tsiraici a ciki, na koyi in fara dubawa ni kaɗai kafin in kira yaron. Tales of the Unexpected, wanda tashar Anglia ta yi daga 1979 zuwa 1988, kashi 112, ba abin tsoro ba ne sosai, wayo ne da mugunta. Na farko-farkon, da marubuci Roald Dahl ke zaune a kujera gaban wuta yana gabatar da labarinsa, sun fi armashi. Akwai na matar da ta kashe mijinta da daskararriyar cinyar rago, ta gasa ta, ta ciyar da 'yan sandan da suka zo neman makamin. Maiɗakina a nan kaɗai ta zauna ta kalla da mu, ta yi dariyar da ban ji daɗinta ba. Na baya-bayan kuwa da yawa tun a tsakiya za ka san inda za su ƙare.

Da na yi nisa sai na fara lura da abin da ya haɗa masu kyaun. Kuɗi ne ba su da shi. Ba halin gina dodo, ba kwamfutar da za ta zana shi, don haka dole su bar maka aikin. Marubuci Nigel Kneale ya kai wannan dabara maƙura a shirinsa Beasts na 1976, kashi shida. A cikin During Barty's Party mata da miji ne a gidansu na bayan gari, rediyo na kunne ana shirin barkwanci, ƙarƙashin daɓen katako kuma ana jin ƙaraf-ƙaraf. Ɓeraye ne, kuma har fim ɗin ya ƙare ba a nuna ko wutsiyar ɗaya ba. Ƙarar ce ke ƙaruwa, tana bin matar duk inda ta taka. A daren da muka kalle shi aka ɗauke wuta ana saura kaɗan ya ƙare, muka ƙarasa a waya, kanmu a haɗe, da lasifikar kunne ɗaya-ɗaya. A haka ya fi tsoro nesa ba kusa ba. Tun daga ranar na daina damuwa da hoton da ya dusashe, na koma kula da sauti.

Abu na biyu shi ne labarin yana ƙarewa a daren. Tunda ba za a ga mutumin nan mako mai zuwa ba, marubuci ba ya da dalilin ceton sa, kai ma mai kallo ka san haka. A dogon shiri ka tabbata jarumi zai tsira ko don a ci gaba da sayar da shirin. A nan kuwa ba ka da wannan tabbaci ga kowa. Ina ganin shi ya sa salon bai mutu ba. BBC ta farfaɗo da labaran Kirsimeti a 2005, marubuci kuma ɗan wasa Mark Gatiss ya ci gaba da yin su, kuma Inside No. 9 na Reece Shearsmith da Steve Pemberton ya yi shekara goma, daga 2014 zuwa 2024, a kan wannan tsari na labari ɗaya a wuri ɗaya.

Inda na ci karo da bango shi ne da na nemi wasu na rasa, ba don intanet ba, don babu su a duniya. A wancan zamani kaset ɗin ɗaukar shiri yana da tsada, sai a goge tsohon a ɗora sabo. Dead of Night na 1972 kashi bakwai ne, uku suka rage. Late Night Horror na 1968 kashi shida ne, ɗaya ya tsira. Cikin ukun da suka rage na Dead of Night akwai The Exorcism, inda wasu masu hali huɗu ke cin abincin Kirsimeti a wani tsohon gidan ƙauye da suka gyara, abinci ya gagara haɗiya, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, ashe wata mata da 'ya'yanta yunwa ta kashe su a ɗakin nan tun da daɗewa, masu arziki na kusa ba wanda ya leƙo. Bayan na gama shi na daɗe ina tunanin huɗun da aka goge.

An cire filasta, yaron ya koma makaranta. Bayan mako biyu ya turo mini saƙo da tsakar dare: "Kawu, don Allah me sunan na ɓerayen nan? 'Yan ɗakinmu sun ce ƙarya nake." Na tura masa, na ƙara da cewa su kashe fitila. Da safe ya rubuto cewa ɗaya daga cikinsu ya ƙi sauko da ƙafarsa daga kan gado har aka kira sallar asuba.