Yau wayar wutsiyar kayak ɗina ta tsinke

Asabar, da dare.

Kafaɗata ta hagu har yanzu zogi take, amma gara in rubuta na yau kafin barci ya kwashe ni.

Na shiga ruwa tun rana ba ta fito ba, iska a kwance, ruwa luf. Wajen ƙarfe tara sai iska ta taso daga hagu, kuma halin kayak, wato ɗan siririn jirgin ruwan da nake fita da shi, ne idan iska ta buge shi a gefe ya riƙa karkata goshinsa yana fuskantar inda take fitowa. Don haka ƙafata ta dama tana kan feda, ina dannawa kaɗan-kaɗan, hannuwana biyu na kan sandar fatsa. Wutsiya ita ce allon da ke cikin ruwa a bayan jirgi yana juya shi, wayoyi biyu ne ke haɗa ta da fedodin dama da hagu. Amfaninta ke nan ga mai kamun kifi: ƙafa na tuƙi, hannu na aiki. Ina cikin haka na ji "ɗas" a bayana, fedar ta tafi gaba fayau ba wani nauyi, kamar an taka matakalar da babu ita. Ƙafar hagu da ke jingine a tata fedar ta tura wutsiyar gefe guda, ga shi babu abin da zai dawo da ita, jirgi ya fara zagaye da ni a wuri ɗaya.

Gabana ya faɗi, ba na ɓoyewa. Na naɗe fatsa, na ƙara ɗaure rigar ceto, na ja igiya ta uku wadda ke ɗaga wutsiya daga ruwa, Allah ya sa ita lafiyarta lau. Daga nan sai filafili. Kusan awa ɗaya da rabi ina tuƙi galibi ta hannun hagu don goshin ya miƙe, shi ne ciwon kafaɗar nan.

A kan ruwan na yi kuskuren da ya ci mini rabin yini. Ganin wayar na reto a gindin feda, ina tsoron ta harɗe da zaren fatsa, sai na zare ta gaba ɗaya na naɗe na jefa cikin akwati. Da na bar ta a cikin bututunta, da ita zan ja sabuwa ta bi sawunta cikin minti biyar.

Da na iso gida na ɗora jirgin a kan benci biyu na duba bakin da ya tsinke. Waya ce ta ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, kaurinta kamar milimita 1.5, an murɗa ta daga dami 7, kowane dami silli 7. Ta tsinke daidai gindin 'yar hular ƙarfen da ake matsewa a ɗaure ta da hannun wutsiya. A nan take lanƙwasawa gaba da baya duk lokacin da na taka feda, a nan kuma ruwa ke maƙalewa ya ƙi bushewa. Da na kai ta haske na ga yawancin sillayen bakinsu ya yi ja, tsohon karaya ne, guda biyar ko shida kawai ke ƙyalli. Wato su kaɗai suka riƙe ni duk makonnin nan. Na kuma tuna wata uku da suka wuce wani silli ya soke ni a yatsa ina wanke jirgin, na tsotse jinin na ci gaba da harkata. Abin ya tsaya mini a rai, domin ba ni kaɗai ke hawa jirgin nan ba, ƙanena ma yana fita da shi.

Na duba ta hagu, ita ma ta fara tsiro a wuri ɗaya. Sai na yanke shawarar canza duka biyun.

Ban mayar da waya ba. Ina da ƙundin igiyar Dyneema mai kaurin milimita 2 da na ajiye tun bara. Ba ta tsatsa, ba ta shan ruwa, ba ta talewa sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma idan ta fara cinyewa za ka ga ta yi gashi-gashi, ba za ta soke ka ba, ana kuma iya ƙulla ta a tsakiyar ruwa da hannu kawai. Aibinta biyu: santsi gare ta kamar sabulu, ƙulli na zamewa, sannan ba ta jure goga da kaifi.

Zura ta cikin bututun dama shi ne aikin. Bututun roba ne siriri da ya bi ta cikin jirgin daga wajen feda har baya, ya fi mita biyu, ita kuma igiya laushi gare ta, tura ta kamar tura zare a ramin tururuwa ne. Na samo zaren fatsa mafi kauri da nake da shi, mai ɗan tauri, na goge bakinsa da sanfefa ya yi mulmul, na fara turawa daga baya. Ya tafi sumul har kusan rabi ya cije. Na ja, na murza, na sake turawa, nan dai yake tsayawa. Na buɗe murfin baya na cusa kai da tocila, na ga inda bututun ya yi kwana a ƙarƙashin mazauni. Da na matsa wurin da yatsa sai na ji ƙus-ƙus, yashi ne ya taru a kwanar.

Ƙanena ne ya kawo dabarar. Ya tsaya yana kallona can ya ce, "Yaya, me zai hana a ɗura masa ruwa da sirinji?" Muka samo babban sirinji, ya riƙe bakin bututun ta gaba, na ɗura ta baya. Karo na farko ba abin da ya fito. Na uku sai ga ruwa baƙi ƙirin ya feso masa a hannu, da yashi da wasu gutsattsarin waya guda biyu masu tsatsa. Da waɗannan sun zauna a ciki, su za su yanke sabuwar igiyar a hankali ba wanda ya gani. Muka yi ta ɗurawa har ruwan ya fito garau. Zaren fatsa ya wuce ba gardama.

Haɗa shi da igiyar ma sai da dabara, don ƙulli ba ya shiga bututun. Na yanke bakin igiyar da wuƙar da na ɗumama a wuta don kada ya warware. Hattara ake yi a nan, tana narkewa tun wajen digiri 145, laita na kusantarta take ƙanƙancewa. Na cusa zaren fatsa cikin tsakiyar saƙarta kamar tsawon yatsa, na naɗe da zaren ɗinki tam, na ɗiga gam. "Ja a hankali," na ce masa, "in ka ji ta cije ka tsaya, kar ka fizga." Yana ja ina ciyar da ita ta baya. Da bakinta ya leƙo ta gaba mu biyu muka yi ajiyar zuciya tare.

Ta hagu ba ta ba mu wahala ba. Na datse tsohuwar waya da filaya a inda take da lafiya, na haɗa ta da igiya baki da baki, muka ja.

Kafin in ƙulla na shafa ramukan hannun wutsiyar da yatsa. Waya ta ci gefensu ta bar kaifi. Na naɗe sanfefa kamar tsinke na goge har na daina jin komai, na kuma goge bakin kowane bututu.

Saiti ya fi ɗaukar hankali. Na sauke wutsiyar, na matse ta tsakanin katako biyu miƙaƙƙu na ɗaure don ta tsaya daidai tsakiyar jirgi. Ƙanena ya zauna a mazauni ya riƙe fedodin biyu kai ɗaya. A baya na zagaya igiyar sau biyu a ramin kafin in yi ƙulli, na ƙara wani ƙullin tsaro a bayansa saboda santsin nan. A gaba na ja har sakin ya fita, ban wuce haka ba. Wasu na ɗaure ta kamar tsirkiya, ni ban yarda da wannan ba: feda na yin nauyi, igiya na goga bututu da ƙarfi, ga jikin jirgin roba ne, yana ɗan buɗewa idan rana ta dake shi, abin da ka ɗaure daidai a inuwa sai ya ƙara tsauri a rana. Na bar jela kamar taƙi ɗaya a kowane gefe, ban yanke ba.

Da yamma muka kai shi bakin ruwa inda ba zurfi. Na taka dama, ya juya dama, na taka hagu, ya dawo, shiru, babu ƙarar gogar ƙarfen da na saba ji har na ɗauka haka wutsiya take. Bayan minti goma ina ta kai da komo sai na ji dama ta ɗan saki, ƙulli ya zauna, saƙa ta miƙe. Na fito na kwance na ƙara ja kamar faɗin yatsa ɗaya, na sa alama da alƙalami a gindin kowane ƙulli don in gane idan ya zame.

Igiyar ɗaga wutsiya ita ma ta fara furfura a inda take bi ta ƙarƙashin ƙugiyarta, ragowar ƙundin kuma ba zai kai ba. Na yanki mita uku daga ciki na sa a akwatin da nake fita da shi, tare da 'yar wuƙa. Gobe da safe zan duba alamomin kafin in ce wa ƙanena ya ɗauki jirgin.