Jadawalin Alamomin da Na Daina Amfani da Shi

A shekarata ta biyu ta karatun adabi na zana wani jadawali a bayan littafin rubutuna, ina ganin na samu mabuɗin kowane labari. A gefe ɗaya na jera abubuwa, a ɗaya gefen na jera ma'anoninsu: ruwa rayuwa ne, dare mugunta ne, launin ja haɗari ne, tafiya kuwa neman sanin kai ce. Duk lokacin da aka ba mu ƙagaggen labari ko fim mu yi sharhi a kansa, sai in buɗe jadawalin, in ɗauko ma'ana in liƙa wa abin da na gani. Wata rana malamin da ke koya mana nazarin jigo ya maido mini da takardata, ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da na ce ruwan sama alama ce ta sabuwar rayuwa, ya rubuta tambaya guda a gefe: a wane shafi labarin ya nuna maka haka? Da na koma na bi littafin a tsanake, sai na tarar ruwan ya sauka sau uku, kuma biyu daga cikinsu a ranar jana'iza ne.

Abin da na fara fahimta daga wannan kunya shi ne, alama tana samun ma'anarta ne a cikin aikin da aka saka ta, ta hanyar dawowa sau da yawa, kowace dawowa kuma da ɗan canji. Littafin da ya tabbatar mini da haka shi ne Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. A tsakiyar kashi na farko fara ta sauka a Umuofia, garin da labarin yake faruwa, kuma marubucin ya kula ya nuna cewa 'yan kaɗan ne suka fara isowa kamar masu leƙen asiri, kafin babban gungun ya rufe sama ya sauka har rassan itatuwa suna karyewa. Da jadawalina zan bi, da na rubuta cewa fara annoba ce na wuce. Amma mutanen garin murna suka yi, suka fita da kwanduna suna kama ta, domin abin marmari ce da ba ta zuwa sai bayan shekaru masu yawa. A cikin wannan jin daɗin ne aka zo wa Okonkwo, tauraron littafin, da labarin cewa an yanke shawarar kashe Ikemefuna, yaron da yake riƙo kamar ɗansa. Sai can gaba, sa'ad da Obierika, abokin Okonkwo, yake ba da labarin halakar garin Abame, aka ji cewa abin bautarsu ya kwatanta Turawa da fara, ya ce na farkon da ya zo ɗan leƙen asiri ne kawai. A nan ne mai karatu yake waiwayawa ya ga cewa rassan da suka karye da murnar da aka yi wa baƙon abu duk shimfiɗa ce. Nauyin alamar yana cikin tazarar da ke tsakanin bayyanarta ta farko da ta biyu, kuma wanda bai riƙe ta farkon a ransa ba, ta biyun za ta wuce shi a matsayin kwatance maras zurfi.

Da muka shiga nazarin fim, al'amarin ya ƙara fitowa fili, domin mai ba da umarni ba shi da damar tsayar da labari ya yi bayani kamar yadda marubuci kan yi. An ba mu labarin gwajin da mai shirya fim Lev Kuleshov ya yi a farkon zamanin sinimar Tarayyar Sobiyat, kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ruwaito: an ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, aka haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawa a cikin akwati, sannan da yarinya tana wasa, sai masu kallo suka yaba yadda fuskar ta nuna tunani da baƙin ciki da fara'a, alhali hoto ɗaya ne aka maimaita. Idan fuskar mutum ma tana aro ma'ana daga abin da ke kusa da ita, ina ga kogi ko madubi ko tsuntsu?

Fim ɗin da na fi daɗewa a kansa shi ne La Noire de… na Ousmane Sembène, na shekarar 1966. Akwai wata sassaƙaƙƙiyar fuska ta katako da ke bin labarin tun daga Dakar har Antibes a Faransa ta kuma dawo. Da farko kyauta ce da Diouana, tauraruwar fim ɗin, ta ba Turawan iyayen gidanta cikin farin cikin samun aiki. Daga baya sai ga ta rataye ita kaɗai a farin bangon gidansu, ta zama kayan ado, daidai lokacin da ita Diouana ta zama baiwar da ba ta fita ko ƙofar gida. Sa'ad da ta miƙa hannu ta sauke ta daga bangon, har suka yi ja-in-ja da uwar gidan a kanta, mai kallo ba ya bukatar a gaya masa cewa mutuncinta take ƙwatowa. Bayan mutuwar Diouana, maigidan ya mayar da kayanta Dakar, wani ƙaramin yaro ya ɗora fuskar a kan tasa ya riƙa bin sa a baya, shi kuma yana sauri yana waiwaye. Katakon bai canja ba ko sau ɗaya. Hannun da ke riƙe da shi da wurin da aka ajiye shi ne suka riƙa canjawa. Tun daga wannan fim na koyi tambayar wane ne ke riƙe da abu kafin in tambayi me abin yake nufi.

Game da jigogin da ke yawo daga wani aiki zuwa wani, na yi wani kuskuren na daban. Na karanta cewa masanin tatsuniyoyi Vladimir Propp, a littafinsa na 1928, ya feɗe tatsuniyoyin Rasha guda 100 ya fitar da matakai 31 da suke bi a jere, sai na shiga farautar kamanni, ina jin daɗin nuna cewa wannan labarin da wancan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Gano kamanni ba shi da wuya, kuma da an gano shi magana ta ƙare. Gilgamesh, jarumin wani daɗaɗɗen labari na tsohuwar Mesofotamiya, ya yi doguwar tafiya ya samo tsiron da ke maido da ƙuruciya, maciji ya sace shi yana wanka, ya koma birninsa hannu rabbana. Tauraron Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, shi ma ya yi doguwar tafiyar neman magani, amma ya dawo da ruwan aka warkar da ɗan sarki, kuma yawancin shafukan littafin sun tafi ne a kan wayo da raha da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe. Ƙashin bayan labaran biyu ɗaya ne, amma na farko yana magana ne a kan mutuwar da ba a guje mata, na biyu kuwa a kan dabarar da ke fitar da mutum daga kowane rami. Takardar da na rubuta a kan inda suka rabu ta fi wadda na rubuta a kan inda suka haɗu amfani nesa ba kusa ba.

Ya kamata in faɗi kuma cewa wannan horo yana da tasa cutar, domin wanda ya saba neman alama yakan fara ganin ta a ko'ina, har ya ɗora wa marubuci nufin da bai taɓa yi ba. Yanzu idan wani abu ya ja hankalina, nakan rubuta lambar shafi ko mintin da ya bayyana, da wanda ke wurin, da abin da ya bambanta wannan karon da na baya, sannan in gwada cire shi a zuciyata in ga ko wani abu zai rushe a labarin. A aikina na ƙarshe na ƙirga wata koriyar ƙofa da ta fito sau tara a cikin wani fim, na cika shafi biyu da bayanin ƙunci da 'yanci a kanta. Da na jera bayyanar tara ɗin na duba, babu abin da ya canja daga ta farko zuwa ta ƙarshe, kuma babu ɗan wasan da ya taɓa tsayawa ya dube ta. Ɗakin da aka ɗauki yawancin fim ɗin ne kawai yake da ƙofa guda. Na cire shafukan biyu kafin in miƙa aikin.