Kwamfutar kanti: ana ta zancen i7, ashe maganar wuta ce

Duk wanda zai ɗora kwamfuta a teburin karɓar kuɗi, ya fara tunanin abin da zai same ta tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta. A wannan 'yar tazarar littafin bashin kantina ya salwanta, ana gab da sallah.

Kayan masarufi nake sayarwa a Kano, sari da ɗai-ɗai. Da muka bar rubutu a takarda, na sayo manyan kwamfutocin tebur na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Legas. Mai shagon ba shi da zance sai ɗaya: "Alhaji, Core i7 ce fa!" i7 sunan ajin ƙwaƙwalwar kwamfuta ne na kamfanin Intel, sama da i5 da i3. Bai gaya mini i7 ɗin ta wane zubi ce ba, bai kuma ce faifan cikinta mai juyawa ne da ya riga ya sha wahala a wani ofis ba. Har yau in na ji an ce i7 sai raina ya sosu. Buga rasit da sanin katan nawa ya rage a sito, i3 ma ta isa.

Yaron kanti na cikin shigar da ciniki aka ɗauke wuta. UPS ɗin da aka haɗa mini da su, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ƙarami ne, batirinsa ya gaji, ko minti ɗaya bai riƙe wannan ƙatuwar na'ura ba. Manhajar na tsaka da rubuta bayanai ta yanke, da aka kunna fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Mai gyara ya ceto sunayen kaya da farashinsu, amma bashi ya tafi. To, je ka tambayi mai ɗan shago a unguwa nawa kake bin sa ka sha lissafi! Masu tsoron Allah sun kawo nasu da kansu. Sauran har gobe "ai mun biya, Alhaji".

Abin haushin, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗana ke aiki da ita a ofis ko gezau ba ta yi ba, don tana da batirinta.

Yanzu ƙananan nan nake amfani da su, waɗanda ba su wuce girman littafi ba: akwai Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Yawancinsu da adafta mai wat 65 suke zuwa, saboda haka inbata, mai ba da wuta daga batiri, na ɗaukarsu cikin sauƙi, ba ruwansu da sauyin layi. Faifan SSD ne a ciki, wato ma'ajiyar bayanai wadda ba ta juyawa. Amma kada wani ya ruɗe ka, SSD ba ya hana fayil lalacewa in wuta ta yanke ana cikin rubutu. Batiri ne maganin wannan, sai kwafin da muke ɗauka kullum kafin a rufe kanti, ɗaya a filash, ɗaya a intanet.

Wajen saye, dubi lambar da ke bayan i5 ko i7. In ka ga i5-8500, zubi na 8 ce, kuma daga nan Windows 11 ke karɓar yawancin na Intel, in akwai TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi ya sa tsofaffin suka cika kasuwa da araha. Ka sa a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, a gabanka ka ga awa nawa faifan ya yi yana aiki, ka shiga BIOS, wato saitin farko da ake shiga wajen kunna kwamfuta, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Mai shagon da ya fara ƙunƙuni a nan, kama hanyarka.

Na kuma sayi iri ɗaya duka, har da guda a ajiye, don adafta ko faifan wannan ya shiga waccan. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu ba sa raga wa fanka, don haka ana hure su a kai a kai, kuma ba ma ajiye su a ƙasa. Kafin na biya kuɗin waɗannan, sai da na sa aka haɗa firintar rasit da na'urar karanta lambar kaya, aka buɗe manhaja, sannan na zare filogin inbata daga bango da hannuna don in ga ko za su mutu, mai shagon na kallona.