Yadi da gora

Asabar. An kawo wuta tun asuba, na samu na rage tulin ankon gidan Hajiya kafin rana ta buɗe. Shamuwa ta fara sauka kan tsamiyar bayan masallaci, Inna har ta fara faɗan a duba indararo tun ruwa bai zo ba.

Auta ne ya jawo maganar. An ba su aiki a makaranta su haɗa jirgi marar inji, ya kwaso kara ya zube min a gaban keke, wai in ɗinka masa fukafukai da ragowar ƙyalle. Daren jiya na shiga waya don in ga yadda zan yanka, karatu ya tafi da ni. Shi ya sa da Kawu ya shigo bayan azahar, ko ruwa bai gama sha ba na hau ba shi labarin Otto Lilienthal, da murnata.

Na ce masa, Kawu, kun san mutumin nan na Jamus daga wajen shamuwa ya koyi tashi? Ta wajensu fara ce, ta fi tamu girma, amma dangi ɗaya ne. Tun suna yara shi da ƙanensa Gustav suke bin ta da kallo a garinsu Anklam. Da ya girma ya zama injiniya, yana da masana'anta a Berlin, amma bai bar tsuntsu ba. Shekara da shekaru suna gwaji suna aunawa, har suka tabbatar fiffike mai ɗan lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe ɗaukar nauyi a iska. Ya rubuta littafi a kan haka a 1889. Sai a 1891 ya fara tsalle, tashin farko bai wuce mita 25 ba. Abin da ya fi burge ni kayan aikin ne: sanduna masu lanƙwasa, an ɗame su da yadin auduga, nauyin duka kamar kilo 20. Ya zura hannuwa, ƙafafu na reto a ƙasa, in yana son juyawa sai ya wurga jikinsa gefe. A 1894 har tudu ya tara da kansa a Lichterfelde, gefen Berlin, mai tsayin mita 15, mai tsini a sama, don duk ta inda iska ta taso ya fuskance ta. Ya tashi wajen sau 2,000, wani tashin ya kai mita 250.

Kawu ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, “To ina ya ƙare?”

Na ce ya faɗo. Ranar 9 ga Agusta 1896, a tudun Gollenberg, iska ta ɗaga gaban jirgin ya tsaya cak, wurga jiki bai yi amfani ba, ya sulmiyo daga sama kamar mita 15. Ƙashin wuyansa ya karye, washegari ya cika yana da shekara 48.

“Yana da iyali?”

Mata da ’ya’ya huɗu.

“To kin gani. Mutum da hankalinsa, da bakunan da yake ciyarwa, ya rataye kansa a jikin yadi ya faɗa rami. Wannan ganganci ne, ’yar nan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.”

Maganar ta soke ni fiye da yadda na zata. Na ce Kawu, ku yi haƙuri, amma mai ganganci ba ya shekara ashirin yana awo kafin ya ɗaga ƙafa. Ba ya fara da ƙaramin tsalle yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kuma ’yan’uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, da kansu suka ce labarin rasuwarsa ne ya tada musu sha’awar abin, da lissafinsa suka fara kafin su yi nasu. Jirgin da ya kai ku Makka, asalinsa yana komawa kan wannan tudun. Ya ce shi bai musa ba, amma marayu huɗu ba ruwansu da jirgin Makka. A nan ban da abin cewa, don gaskiya ce, kuma ta zauna min a ƙirji.

Don in sauya iska sai na nuna masa hotunan sauran. A nan muka yi dariya sosai. Ga na Octave Chanute, wanda ya gwada a tuddan yashi na bakin tafkin Michigan a Amurka a 1896, fukafukai goma sha biyu an jera wani kan wani kamar kantar shago. Ga na Jean-Marie Le Bris, matuƙin jirgin ruwa na Faransa, da ya kwaikwayi wani ƙaton tsuntsun teku: ciki irin na kwale-kwale, fukafukai sun kai mita 15 daga tsini zuwa tsini. A 1856 ya ɗora shi kan keken doki a bakin teku, aka saki doki da gudu yana fuskantar iska. Ana ba da labarin cewa da ya tashi igiya ta naɗe mai tuƙa keken ta yi sama da shi. Kawu ya yi ta maimaita wannan yana buga cinya.

Sai na kawo George Cayley na Ingila, wanda ya riga su duka. Tun 1799 ya zana tsarin: fiffike a kafe, jela a baya, abin turawa daban. A 1849 ya ƙera wanda ya ɗaga yaro ɗan kimanin shekara goma, tarihi ko sunan yaron bai riƙe ba. A 1853 kuma wani jirgin nasa ya tsallake wani ɗan kwari a Brompton da babban mutum a ciki, kuma jikar Cayley ta ba da labarin cewa mai tuƙa masa keken doki aka sa a ciki, da ya sauka ya ajiye aiki, ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi yi, ba tashi ba.

Na zaci wannan ma dariya za ta ba shi. Bai yi ba. Kun san Kawu, duk ƙuruciyarsa a sitiyarin motar wani ta ƙare. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, “Maigida ya ce ka hau, ya za ka yi?” Na ce ai Cayley tsoho ne lokacin, ya kusa tamanin, ba zai iya da kansa ba. Ya ce to yaron fa, an tambayi uwarsa? Daga nan ya ce in dai haka ne, gara Bajamushen, shi aƙalla da wuyansa ya yi caca. Bai janye kalmar ganganci ba, ni ma ban janye tawa ba. Ya tashi ya tafi la’asar.

Da na koma kan keke hankalina bai dawo ba. Ella Pilcher nake ta tunani. Ɗan’uwanta Percy ya je Berlin wajen Lilienthal, ya dawo Birtaniya yana ƙera nasa da gora, ita ce ke ɗinka masa yadin fukafukai. Ranar 30 ga Satumba 1899 ya tara masu kuɗi a Stanford Hall, wani babban gida a Ingila, don ya nuna musu sabon jirgi mai inji, injin ya lalace tun kafin ranar. Don kada su koma hannu rabbana sai ya fito da tsohon jirginsa marar inji, ga ruwa ya jiƙa shi. Dawakai suka ja, ya tashi, jelar ta karye. Bayan kwana biyu ya rasu, shekararsa 32. Duk wadda ta taɓa zama kan keke ta san yadda ake bin layin ɗinki da ɗan yatsa ana neman inda zai ɓalle. Ni nawa in ya ɓalle kunya ce a gidan biki. Ita kuma ɗan’uwanta take ratayawa a jikin nata, ta tsaya a ƙasa tana kallo. Na kasa daina sa kaina a wurinta, har na ji haushin Percy da bai jira yadi ya bushe ba, bayan ɗazu nake kare irinsu a gaban Kawu.

Auta na ja masa kunne: da hannu za a jefa, daga ƙasa, ban yarda da hawa katanga ba.

Tuwon dare ya yi ruwa. Yaya ba ta turo awon yaran ba har yanzu, ga biki ya matso.

Bayan isha’i Kawu ya kira, abin da bai saba ba. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Wai direban nan da ya ajiye aiki, an biya shi kuɗin watansa kuwa?