Ni ce ta ƙarshe a ci, ni ce ta ƙarshe a kwanciya

Ƙannena mata, musamman ku da kuka shiga ɗaki ba da daɗewa ba da ku masu shirin shiga, ku ɗan ba ni hankalinku. Shekarata 24 da aure, yarana huɗu, kuma akwai abin da na yi wa jikina a cikin shekarun nan da ba na fatan ko ɗaya a cikinku ta yi wa nata. Ba wanda ya tilasta mini, da hannuna na yi, kuma a lokacin gani nake bautar Ubangiji nake yi.

Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi. In ɗora ruwa, in tada yara mu yi addu'ar safe, in haɗa abin kari da wanda za su tafi da shi makaranta, in wuce wurin aiki, in dawo in sake shiga kicin, ga zumuntar mata ga koyon waƙa ga sharar coci ran Asabar, in an yi rasuwa ko biki ko baƙi sun zo wa fasto sunana ne na farko a masu girki, kuma ban taɓa cewa a'a ba ko sau ɗaya. Abinci kuwa a tsaye nake ci. Wani lokacin ɗanɗanon da na yi a bakin tukunya shi ne abincin ranar, wani lokacin ragowar kwanon yara. Sai kusan sha biyun dare nake kai haƙarƙarina ƙasa. In aka yabe ni a coci aka ce wance ba ta gajiya sai in ji daɗi har cikin raina, alhali ina gajiya, ɓoyewa kawai nake yi.

Gargaɗin farko ya zo mini lokacin da nake ɗauke da cikin ɗana na ƙarshe. Wata bakwai, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, zoben aurena ya ƙi fita. A wurin awo nas ta ce jinina ya hau kuma an ga furotin a fitsari, aka kwantar da ni, Allah ya taimaka na sauka lafiya. Da za a sallame ni ta kama hannuna ta ce Maman yara, ki dawo bayan sati shida a sake gwada jinin, kar ki fasa. Na amsa da to. Ban koma ba. Yaro lafiya, ni ina kan ƙafata, me zan je nema? Sai daga baya na san macen da jininta ya taɓa hawa a lokacin ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da hawan jini na dindindin da ciwon zuciya nan gaba. Don haka ke mai ciki, in kin wuce sati 20 kika ji ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko ido yana miki hazo-hazo, ko fuska da hannu sun kumbura farat ɗaya, ko ciwo a ƙasan haƙarƙari ta dama, ki bar tukunyar a kan wuta wani ya sauke, ki tafi asibiti a ranar.

Bayan nan shekaru na yi ina fama da ciwon kai da ciwon baya, maganina kuma ɗaya ne, ƙwayar kashe zafi. Ibuprofen yau, diclofenac gobe, yawanci da cikin da babu komai. Irin waɗannan magungunan in aka daɗe ana sha suna ƙara hawan jini, suna wahalar da ƙoda, suna cin bangon ciki, ni kuwa a jaka nake yawo da su har ina ba wasu mata a coci. Wannan yana cikin abubuwan da har yau in na tuna raina yake ɓaci, domin ban tsaya a kaina ba.

Wata Lahadi bayan sujada wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta zo da na'urar gwajin jini tana gwada mata kyauta. Ni ba ma layin na shiga ba, kujeru nake kwashewa, ita ta kira ni ta ce Yaya zo ki zauna. Ta gwada, ta yi shiru, ta ce in huta minti biyar, ta sake. 178 bisa 104. Na ce mata ai ni lafiyata ƙalau, ta ce abin da ya sa ciwon nan yake da haɗari ke nan, yawancin masu shi ba sa jin komai. A asibiti aka sake gwadawa a ranaku daban-daban aka tabbatar, domin daga 140 bisa 90 zuwa sama in ya maimaitu a rana biyu mabambanta sunansa hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya fiye da biliyan ɗaya ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ina cikin wannan rabin, Allah kaɗai ya san shekara nawa.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan. An ba ni magani, na sha wata uku, jini ya sauka ya dawo daidai. Sai na ce Ubangiji ya warkar da ni. Na tashi a gaban jama'a na ba da shaida, aka yi tafi aka yi waƙa, na dawo gida na tura kwalin maganin can ƙarshen durowa. A zuciyata ci gaba da shan magani bayan na yi shaida kamar rashin bangaskiya ne, kamar ina cewa Allah bai gama aikinsa ba. Ba fastonmu ne ya ce in daina ba, ba maigida ba, shi bai ma sani ba, ni kaɗai na yanke. Abin da ban gane ba shi ne maganin ne yake riƙe da jinin a ƙasa, ba ya cire ciwon, ranar da kika ajiye shi jinin zai fara komawa inda ya fito a hankali ba tare da kin ji ba.

Wata bakwai bayan haka, da yamma, ina yanka albasa sai wuƙa ta suɓuce daga hannuna na dama ta faɗi ƙasa. Na sunkuya in ɗauka yatsuna suka ƙi kamawa. Na buɗe baki in kira 'yata, lokacin shekararta 15, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar an cika mini baki da auduga. Ta shigo ta dube ni ta ce Mama, bakinki ya karkace. Har yau ina ganin idon yarinyar nan. Cikin kamar minti 20 abin ya sake ni, hannu ya dawo, magana ta dawo, kuma kun san me na ce? Na ce a bari in ƙarasa girkin tukuna. Maigida ne ya kashe wutar da kansa ya ce ɗauki mayafinki. Likita ya ce ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne, jini ya ɗan tsaya zuwa wani sashe na ƙwaƙwalwa ya sake wucewa, kuma irinsa yakan zo ne gaba da babban, sau da yawa cikin 'yan kwanaki. Ku riƙe alamomin nan uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe. Ko da ya wuce da kansa, asibiti nan take. A yi addu'ar a cikin mota.

Ina kwance matar fastonmu ta zo duba ni. Na yi zaton faɗa za ta yi mini, sai ta buɗe 1 Sarakuna sura 19 ta karanta mini labarin Iliya lokacin da ya gudu daga Yezebel ya kwanta a jeji ya ce ransa ya ishe shi. Ta ce dubi abin da Allah ya fara yi wa annabinsa: ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da tulun ruwa ya ce tashi ka ci, har sau biyu, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Maganar da za a yi da shi sai da ya kai Horeb. Na yi kuka sosai ranar. Daga baya na koma na duba da kaina, na ga Hezekiya da Allah ya ƙara wa shekara 15, duk da alkawarin ya riga ya fito sai da Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun, yana nan a 2 Sarakuna sura 20. Luka da ya rubuta bishara likita ne, haka Bulus ya kira shi a Kolosiyawa 4:14. Timoti ma yana da ciwon ciki da yawan laulayi, Bulus bai tsawata masa a kan bangaskiya ba, shawarar abin da zai sha ya ba shi. Na gaskata Allah yana warkarwa, har gobe ina kan haka. Amma in kina ganin ya warkar da ke, je ki likita ya gwada ya tabbatar, shi zai ce a rage ko a daina. Haka ma azumi, in kina kan magani ki tambayi likita yadda za ki tsara shi kafin ki fara.

Sai kicin, inda na fi kowa iko kuma inda na fi yin ɓarna. Hannuna yana da nauyi a gishiri, ga dunƙulen ɗanɗano ina marmasa huɗu biyar a tukunya ɗaya sannan in ƙara gishiri a kai, ban san shi kansa dunƙulen yawancinsa gishiri ba ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga babban mutum ƙasa da giram 5 ne a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa har da wanda ke ɓoye cikin burodi da abincin gwangwani da taliyar leda mai ɗan ƙullin sinadari. Yawancin mutane suna cin ninkin haka. Ranar da na fara ragewa gaba ɗaya gidan aka yi ta tura kwano, sai na canja dabara, na riƙa ragewa kaɗan-kaɗan duk sati ba tare da na yi shela ba, na ƙara albasa da tafarnuwa da citta, ina soya su sosai sai ƙamshi ya tashi, in matsa lemon tsami a ƙarshe. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Yanzu in mun ci abinci a waje yarana ne ke cewa gishiri ya yi yawa. Ki fara tun yaranki suna ƙanana, domin da ɗanɗanon hannunki za su girma.

Wani abu kuma da ya shafi wannan halin nawa na ni ce mai cinye ragowa. Na taso da cewa zubar da abinci zunubi ne, to shinkafar da ta kwana a tukunya ba a firij ba ni ce mai ɗumama ta in ci don kar a yi asara, sau biyu tana kwantar da ni da amai. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, in abincin ya daɗe a ɗumi sai ta yaɗu ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. In za ki ajiye, ki baza ta a faranti ta huce da wuri ki sa a firij kafin awa biyu. In babu firij ki dafa daidai cikin gidan.

Abin da ya fi mini wuya duk a ciki shi ne koyon cewa ku taimake ni. Mu mata an cika karanta mana Karin Magana 31, mace mai tashi tun da sauran dare, amma a wannan ayar ta 15 ɗin an ce tana da barori mata a gidanta, ba ita kaɗai take komai ba. Marta ma da ta kai ƙara wurin Yesu a Luka sura 10, hidima mai yawa ce ta raba mata hankali har ta kasa zama ta saurare shi, kuma ni na san wannan halin daga ciki, domin shekaru na yi ina zuwa sujada jikina a kan benci hankalina a kan tukunya. Na hana yarana maza shiga kicin da kaina ina cewa za su ɓata mini, na hana maigida ma, daga baya kuma in riƙa jin haushi a ɓoye cewa ba mai taimakona. Da na dawo daga asibiti muka zauna muka raba aiki, kowa da ranarsa, maza da mata. A coci na ajiye biyu daga cikin ayyuka huɗu da nake riƙe da su, na faɗa wa shugabar zumunta gaskiyar dalili, ta ce da ma sun daɗe suna so ƙananan mata su karɓa. Na kuma koma gaban jama'ar da na yi wa shaidar farko na gaya musu na daina magani da kaina da abin da ya biyo baya. Bayan an tashi mata uku suka same ni a gefe, kowacce ta ajiye nata maganin.

In kin kai shekara 18 ki san lambar jininki, ko da kina jin ƙarfi kamar doki, in kuma akwai mai shi a danginku ki riƙa gwadawa a kai a kai. Ki zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kar ki yi magana ana gwadawa, ki rubuta lambar da kwanan wata a ɗan littafi. In magani ya dame ki ki koma ki faɗa, akwai kala-kala. Ni amlodipine ya kumbura mini idon sawu aka daidaita mini shi, wata kuma lisinopril ya sa ta busasshen tari aka canja mata. In kina neman haihuwa ko kina zaton ciki ki gaya wa likita tun da wuri, domin irin su lisinopril ba a shan su da ciki.

Yau da safe nawa 128 bisa 82 ne. Ƙwayar tana nan kusa da Littafi Mai Tsarki a gefen gado, in mun gama addu'ar safe sai in sha da ruwa kofi ɗaya, auta shi ke miƙo mini. Yau Laraba, girkin babban ɗana ne, ina jin ƙamshin albasarsa daga nan inda nake zaune, in ya sauke kuma tare za mu zauna a tebur da kwanona a gabana.