Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Cefanen Mutum Goma a Katafaren Kantin Jidda

Makon jiya mun tsaya inda ayarinmu ya gama Umara, muka koma masaukinmu a unguwar Aziziyya ta Makka, gida mai madafi da firij, domin yawancin otal ɗin da ke kewaye da Harami ba sa yarda a kunna wuta a ɗaki. Mu goma ne, rabinmu dattawa, kuma dattijon Bahaushe ba ya jure kaza da burodi kwana uku a jere. Cefane ya faɗo wuyana, kamar yadda ya riƙa faɗowa a shekarun da na yi ina rakiyar masu ibada. Yau sai in buɗe muku yadda ake ciyar da Hausawa goma na mako guda daga kantin da ba a gina shi don mu ba.

A Makka ma akwai manyan kantuna. Bin Dawood na nan ƙarƙashin dogon benen agogo, akwai Panda da sauransu a cikin unguwanni. Sai dai na kusa da Harami kayan matafiyi suka fi yawa a cikinsu, ruwa da dabino da biskit, ga cunkoso, ga shi mota ba ta isa ƙofa. Jidda kuwa tashar jirgin ruwa ce, kuma tun da wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, a Jidda ne za ka tarar da kowace irin al'umma da cimarta: Indiyawa, 'yan Filifin, Misirawa, Sudanawa, Turawa. Kantuna irin su Lulu da Danube da Carrefour suna cika kantocinsu ne daidai da waɗannan bakuna. Tafiyar wajen kilomita 80 ce, sa'a guda a mota idan hanya ta yi kyau.

Ka je da hantsi. Mutanen ƙasar da dare suke fita, bayan Isha'i kanti ya zama kasuwa, musamman daren Alhamis da na Juma'a, tun da hutun mako ya koma Juma'a da Asabar a 2013. Ka kauce wa ranar 27 ga watan Bature da kwanakin da ke biye, lokacin ne ma'aikatan gwamnati ke karɓar albashi. A da, da an kira salla ake rufe ƙofa, wanda ke ciki ya jira da kekensa. Tun 2021 aka sassauta, amma har yanzu masu karɓar kuɗi sukan ragu a lokacin, layi ya yi tsawo. Idan ka zo da jaka ko kayan da ka saya a wani shago, ka miƙa su wurin ajiya da ke bakin ƙofa a ba ka lamba.

Farashin da ke jikin kanta shi za ka biya, an riga an haɗa harajin kaya a ciki, wanda aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018, aka ɗaga zuwa 15 a watan Yulin 2020. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace dala, saboda haka lissafi da dala ya fi sauƙi, wanda ya tsaya juya komai zuwa naira ba zai sayi ko albasa ba. Yawancin takardun farashi na ɗauke da lambobin boko, amma inda aka rubuta da na Larabci kaɗai a kula: biyar ɗinsu zagaye ne irin sifilinmu, sifilinsu ɗigo ne, shidansu kuma ya yi kama da bakwai ɗinmu. Katin naira ba abin dogaro ba ne a can, ka riƙe tsabar riyal.

Shinkafa ce ta fi ɓatar da mutane, don layinta kaɗai ya kai tsawon wani shagon. Kala uku ne suka shafe mu. Akwai basmati fara ta Indiya da Pakistan, doguwa mai ƙamshi, ta yi wa shinkafa da miya. Akwai wadda suke kira mazza, ita ma basmati ce amma an turara ta kafin a sheme, launinta ya ɗan yi rawaya. Ita ce ta dafa-duka, ba ta caɓewa ko an juya, amma tana son a jiƙa ta kamar minti talatin zuwa sa'a guda, in ba haka ba waje ya nuna ciki da tauri. Sai shinkafar Masar, gajera mai kumburi. Wannan ce ta tuwo. Duk wanda ya ce zai tuƙa tuwo da basmati zai gaji da muciya bai ga haɗi ba, domin ba ta da danƙo, mazza kuwa ta fi ta taurin kai. Ta Masar a ba ta ruwa ninki uku, a bar ta ta yi lugub, a tuƙa, a rufe ta turara minti goma a wuta kaɗan. Mutum goma na cin kilo ɗaya da rabi a zama guda, don haka nakan ɗauki buhun mazza mai kilo 10 da ta Masar kilo 5.

Tuwon dare na sauran kwanaki samid ne, wato semon alkama. Iri biyu ne, mai laushi da mai tsakuwa. Mai laushin ake so, mai tsakuwar na kayan zaƙi ne, tuwonsa ba ya sulɓi. Kilo 4 ya isa. A gefensa za ka ga wani farin gari a kwali da hoton masara, sunansa nasha. Wannan sitaci ne zalla, ba garin tuwo ba, in ka zuba shi a tafasasshen ruwa dunƙulewa yake yi ya koma gam. Garin masara na gaske rawaya ne, a leda yake zuwa. Gero kuwa dukhun ake kiransa, ana noma shi a kudancin ƙasar wajen Jizan, kuma an fi samun garinsa a sashen niƙa da kayan ƙamshi. Da shi ake kunun safe, a sa tsamiyar Indiya da ke zuwa a matse cikin leda.

Sashen kayan miya shi ne abin kallo. Kowane kaya da allon ƙasarsa a kai: ayabar Filifin da Ikwado, lemon Masar da Afirka ta Kudu, mangwaron Pakistan da Yaman, rumman na Ɗa'if. A ɓangaren Indiyawa akwai rogo, da ayabar suya, da gwaza, da wata doya mai kama da ƙafar giwa wadda ba ta sakwara, tana kuma ƙaiƙayin maƙogwaro in ba ta nuna sosai ba. Akwai 'ya'yan itacen da ban taɓa ganin Bahaushe ya ɗauka ba sai don ya juya ya ajiye. A nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi yawa, wato tura keke zuwa wurin biya ba a auna ba. Kowane kaya da ledarsa daban, a kai wa mai sikeli da ke cikin sashen, ya ɗaure ya manna takardar farashi. Wata dattijuwa a ayarinmu ta haɗa tumatir da albasa da kuɓewa a leda ɗaya, sai wani matashi da ke jera kaya a wurin, haifaffen Jidda da Hausarsa ta gauraye da Larabci, ya matso.

"Inna, ki raba su. Kowanne da kuɗinsa, mizani ba zai karɓa haka ba."

"Kai ɗan nan, ashe namu ne? Daga wane gari?"

"Kakana ne ya zo daga Haɗeja, Inna. Ni ban taɓa zuwa ba."

Shi ya nuna mana inda alayyafo na gaske yake. Wanda Larabawa ke kira sabanik ganyensa ruwa ne, daƙiƙa kaɗan ya narke a miya. Namu yana cikin ganyayyakin Indiyawa, kore da ja, a ɗaure dami-dami. Lalo kuwa ita ce mulukiyya, tana nan ɗanya, tana kuma nan a daskare an yanka ta cikin leda daga Masar. A sa ta a romo mai zafi, kada a rufe tukunya, kada ta wuce minti biyar, in ta daɗe yauƙin ya tafi. Leda uku sun yi wa mutum goma miya. Kuɓewa ɗanya akwai, busasshiyar kuma ka nemi weka ta Sudanawa. Idan babu kanwa, ɗan kan cokali na bakar-soda ya wadatar, in ya yi yawa miya ta yi ɗaci ta baƙe.

Inda kantin ya gaza shi ne yaji. Jan tattasansu manya ne masu nama, zaƙi da ruwa, babu zafi ko kaɗan. Attaruhu in an samu, 'yan ƙwayoyi ne a ƙaramar roba da tsadar da za ta sa ka mayar. Abin da nake yi, tumatir kilo 6, albasa kilo 5, jan tattasai kilo 2, sai ƙananan barkonon Indiya rabin kilo, a markaɗa tare, a tafasa har ruwan ya ƙone kafin a soya. Tumatirin gwangwani ya ƙara launi. Miyar taushe kuma akwai kabewa a yanke, amma a kiyayi man gyaɗar kwalba da ake shafa wa burodi, yawancinsa da sukari. Dakwar Sudanawa ita ce niƙaƙƙiyar gyaɗa zalla, in ba a samu ba a sayi gyaɗa a soya a markaɗa.

Kajin firij an jera su da nauyi, giram 900, 1000, 1100, har sama. Akwai na gida, akwai na Brazil da Faransa. Katan ɗaya kaji goma ne, kuma mai giram 1000 in aka yanka ta takwas, biyu sun yi wa mutum goma rana guda da ɗan ƙari. Kajin gona ne masu laushi, minti ashirin sun nuna, wanda ya dafa su dahuwar kazar Hausa zai tarar da ƙashi kawai a tukunya. Naman rago ma da sunansa: na'imi da najdi da harri na ƙasar ne, su suka fi tsada, sawakini kuma na Sudan ne da ke shigowa ta teku, ya fi sauƙi, ɗanɗanonsa ya fi kusa da namu. Mahauci zai yanka maka yadda ka ce. Naman firij shi za ka ɗauka ƙarshe, ka sayi jakar sanyi ko ƙanƙara, domin sa'a guda a bayan mota cikin zafin Jidda ta isa ta narkar da katan.

Wurin madara a karanta kafin a ɗauka, robobin kusan iri ɗaya ne. Halib ita ce madarar shayi, laban tsala ne, in ya shiga shayi mai zafi sai ya tsinke. Zabadi shi ne kindirmo. Laban lita biyu da zabadi babbar roba ɗaya, a dama da furar garin dukhun, dattawa sun daina cigiyar gida. Har nonon raƙumi akwai. A duba kwanan wata biyu da ke jiki, na farko ranar yi, na biyu ranar lalacewa, kuma kayan da aka karya wa farashi sau da yawa kwanansu ne ya matso. A layin lemo za ka ga kwalabe masu siffar giya. Maltina ce irin tasu, babu giya ko naman alade a kantin ƙasar. An ɗora wa lemon kwalba ƙarin harajin kashi 50 a 2017, ruwa ya fi, katan mai ƙananan gorori arba'in.

Dabino a sayi na ci yanzu, na tsaraba a bari sai Madina. Sukkari na Ƙasim mai laushi, wanda ke cikin firij, ba ya tafiya, kwana biyu a akwati ya yi tsami ya jiƙa tufafi. Ajwa da safawi da mabrum su ne masu jure hanya. Kowane kilo da ka ƙara, a filin jirgi za ka amsa tambayarsa, ka duba nauyin da tikitinka ya ba ka tun kafin ido ya ja ka.

Abu huɗu ba za ka samu ba ko ka zagaye kantin sau bakwai: daddawa, kuka, manja, da yajin ƙuli. Waɗannan sai wurin matanmu Hausawa mazauna ƙasar. A Jidda da yawansu sun watse tun da aka fara rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Sabil a ƙarshen 2021, don haka a hanyar komawa sai a bi ta Shari'u Mansur a Makka bayan La'asar, lokacin da ake fito da tire da robobi, ana gasa tsiren da mutanen Hijaz suka karɓa suke kira siriyya. A can ba sikeli ba takarda, da gwangwani da cokali ake awo, kuma ana taya farashi. Daddawa ƙulli biyar, kuka gwangwani biyu, manja lita ɗaya, mako ya wuce lafiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau jirgin ƙasa na Haramaini zuwa Madina, da dattawa biyar da akwatunan da suka fi ƙarfin ƙa'idar jirgin.