Mako na uku da Fijo 504: na gano abin da ke dafa injin

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Motar dai ita ce 504 ɗin nan haɗin Kaduna da Baba ya bar mana. Ciwonta ɗaya: a cikin gari lafiya lau, amma ina hawa babban titi na ba ta wuta, sai allurar zafi ta fara tashi. Wannan bambancin ne ya buɗe min ido. Da a cunkoso take zafi, da fanka ko fanbel zan zarga, tunda iska ce ba ta isa lagireto. Zafi a kan gudu kuwa, yawanci ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Wani makanike ya ce in cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan injin ya ɗumama, in jefar, kowa ma haka yake yi. Ban yarda ba, don injin da ba shi da shi yakan daɗe bai ɗumama ba, ga shan mai. Na kwance shi, na rataye da zare cikin tukunyar ruwa, na ɗora a wuta. Kafin ruwan ya tafasa na ga bakinsa yana buɗewa a hankali. Na sauke, ya huce, ya rufe. Lafiyarsa ƙalau.

Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, shi ne ya fi hana ni barci, don haka na bi alamomin ƙonewarsa. Na zaro sandar baƙin mai, baƙi ne, bai koma kalar shayi da madara ba. Da sassafe, tun injin na da sanyi, na buɗe murfin lagireto, na tayar, na zura ido minti 10. Babu kumfa ko ɗaya, salansa ma babu farin hayaƙi. Alhamdu lillahi. Don Allah kada wanda ya taɓa murfin nan injin na da zafi. Matsin da ke ciki yana kai ruwan sama da digiri 100 bai tafasa ba, kana murɗawa zai yi tsiri ya wanke maka fuska.

Jiya bayan motar ta ɗumama na kashe ta, na bi fuskar lagireton da tafin hannu. Gefe da gefe zafi rau, tsakiya kuwa, kamar faɗin tafi biyu, sanyi. Da ta huce na zare tiyon ƙasa, ruwan da ya zubo jawur kamar kunun jar dawa, har da ɓarɓashin tsatsa. Shekara da shekaru ruwan rijiya muke ɗura mata, gishirinsa da tsatsa suka toshe bututan.

Ranar Asabar in sha Allah zan kai wa masu lagireto su buɗe kansa, su zurare bututan ɗaya bayan ɗaya. Murfin ma robarsa ta tsattsage, na sayo sabo mai lamba iri ɗaya da ta tsohon.